Gyaran ƙwayoyin halitta: Shin an samu maganin sikila?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako ga waɗanda ba su samu damar saurare ba.

Wani matashi ne ya turo mana saƙo daga Kahu, a ƙaramar hukumar Kibiya. Ya ce shi AS ne, yarinyar da yake nema ma AS ce, amma ya ji an ce Turawa sun gano maganin sikila, to ko su yi aurensu kawai? Ɗan'uwa, labarin da ka ji gaskiya ne, amma rabinsa ka ji. Bari mu ƙarasa maka.

Kowace ƙwayar halittar jikinmu tana ɗauke da wani rubutu da ake kira DNA. A cutar sikila, harafi ɗaya tak ne ya sauya a wurin da ke tsara himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Shi ya sa jajayen ƙwayoyin jini suke lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, ciwon ƙashi ya taso.

A shekarar 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka fito da dabarar CRISPR, wani irin almakashi da ke yanka DNA daidai inda aka nufa. Aka ba su kyautar Nobel a 2020. Wanda sunansa ya zo farko a takardar binciken kuwa, Martin Jinek, ya gama digiri na uku ne yana ƙarin bincike a ɗakin gwajin Doudna. Matasanmu na BUK, ku riƙe wannan.

To yaya ake yi? Jariri ana haifarsa da wani nau'in himogulobin na cikin ciki wanda ba ya lanƙwashewa, bayan 'yan watanni jiki ya rage yin sa. Sai likitoci su ɗebi ƙwayoyin da ɓargo ke yin jini da su, su yanka makunnin da ya kashe wancan nau'in, su mayar wa mara lafiya. Maganin sunansa Casgevy. Ingila ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba.

Yanzu ga sauran rabin. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, mutum ɗaya fa! Kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ba mutum magani mai ƙarfi irin na masu cutar daji, wanda ka iya hana haihuwa, sannan ya yi makonni a kwance a asibiti. Kuma gyaran a jini ya tsaya, wanda ya warke zai iya gadar wa 'ya'yansa S ɗin. Abin da masu bincike ke fafutuka a kai yanzu shi ne allurar da za ta yi gyaran a cikin jiki kai tsaye, cikin rahusa. Ba a kai can ba tukuna.

Mu nan Najeriya, an ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara, mun fi kowace ƙasa. Kuma Kano ba a bar ta a baya ba. Likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun nuna cewa auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yaro da ba shi hydroxyurea na rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Mai yaro mai sikila a Rano, Kibiya ko Bunkure, ki tambayi likita wannan. Kar a saya a kemis a sha da ka.

Sai kai ɗan'uwa na Kahu. AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Kowane ciki na ce, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba. Ana iya samun uku a jere. Tun 2024 ma dokar jihar Kano ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure. Ku sake gwajin a asibitin da aka yarda da shi, ku zauna da likita da iyayenku kafin a kai kuɗi. Na san rabuwa da wanda ake so akwai ciwo, amma je ka tambayi uwar da ta kwana tana danna wa ɗanta ƙafa yana kuka. Rigakafi ya fi magani.

Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa, ku tura wa wanda zai amfana. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa.