Kafin Ka Kai Mota Alaimen: Abin Da Tsohuwar GTO Ta Koya Min

 Yau hirar ƙarfe da giris za mu yi.

Lokacin da na je wani ɗan gajeren kwas a jihar Michigan ta Amurka, a gidan wani dattijo aka sauke ni. A garejinsa akwai Pontiac GTO ƙirar 1966, irin motocin nan masu ƙaton inji da Amurkawa ke ji da su. Injinta V8 ne, lita 6.4. Motar ƙaninsa ce da ya rasu. Burinsa ya shiga da ita jerin gwanon tsofaffin motoci da ake yi duk watan Agusta a titin Woodward, kusa da Detroit. Matsalar ita ce motar tana ja gefe, tana cinye tayar gaba ta ciki, sitiyari kuma yana wasa.

Na ce masa, "Baba, ai alaimen ne kawai." Ya yi dariya, ya ɗaga motar a jak, ya ce in kama taya sama da ƙasa in girgiza. Wallahi har ƙara take, ƙwas-ƙwas. Ya ce ta yaya za ka saita abin da bai tsaya wuri ɗaya ba?

To ga yadda ƙafar gaban take. Kowane gefe akwai hannu biyu, na sama da na ƙasa, waɗanda makanikanmu ke kira ofa am da lowa am. Sifirin yana zaune a kan na ƙasa, shokabzoba ta bi ta tsakiyarsa. Boljoyin biyu ne ke riƙe da inda taya take juyawa, bushin na roba kuma suna inda hannuwan suka haɗu da shasi. Bayan shekara sama da 50, robar nan ta bushe ta tsattsage.

Abu na farko, sifirin. Jama'a, wannan ba abin wasa ba ne. A matse yake da nauyin injin nan, idan ya kuɓuce zai iya karya mutum ko ya kashe shi. Sai da muka sa ƙarfen matse sifirin, muka tokare hannun ƙasa da jak, sannan muka kwance boljoyin. Na sama ma da ribit kamfani ya kafe shi, sai da muka huda da diril. Muka canza bushin, boljoyin, tayarod, duka.

Nan ne na yi katoɓara. Don in burge shi, na ɗaure notin bushin tamau, motar tana sama a kan jak. Da muka sauke ta, sai gaban ya tsaya cirko-cirko kamar zakara. Baba bai yi faɗa ba. Ya ce robar bushin murɗawa take yi, ba juyawa ba. In ka ɗaure ta taya na lilo, da zarar mota ta zauna robar ta riga ta murɗe, ba za ta daɗe ba ta yage. Muka sassauta, muka girgiza motar ta zauna da nauyinta, sannan muka ɗaure.

Sai yanzu aka zo alaimen, kuma abu uku ne. Kamba, wato karkatar taya ciki ko waje in ka kalle ta daga gaba. Kasta, wato jinginar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana. Sai to-in, yadda bakin tayoyin biyu ke ɗan kallon juna. A wannan motar, da wasu siraran faranti na ƙarfe ake saita biyun farko, ana cusa su a notuna biyu na hannun sama. Ka ƙara daidai a duka biyun, kamba ta canza. Ka ɗauke daga gaba ka mayar baya, kasta ta canza. To-in shi ne ƙarshe, a tayarod, kamar 1/16 zuwa 1/8 na inci.

Wani abin da ya ba ni mamaki, bai bi littafin kamfanin sau da ƙafa ba. Lissafin 1966 an yi shi ne don tayoyin wancan zamanin. Tayar radiyal ta yanzu tana son kasta fiye da haka, don haka muka ƙara iya abin da farantan suka bari.

Ranar gwaji ya sassauta hannu a kan sitiyari a miƙaƙƙen titi, motar ta tafi ɗoɗar. Ya daɗe bai ce komai ba. Kwas ɗina ya ƙare kafin Agusta, amma ya turo min hotonsa a Woodward.

Saboda haka ɗan'uwa, in motarka tana cin taya gefe ɗaya, kafin ka biya kuɗin alaimen karo na uku, ka sa mai gyaran ƙafa ya ɗaga ta ya girgiza a gabanka. Ku faɗa min a kwament sau nawa aka yi muku alaimen ba a duba bushin ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya tsare hanya.