Takobin Girkawa da Wuƙar Bayajidda

Yaranmu na nan Minna sun haddace labarin Percy Jackson, yaron nan mai alƙalamin da ke rikiɗa ya zama takobi, labarin da aka gina bisa tatsuniyoyin gumakan Girkawa. To, amma a tambaye su wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera wa Bayajidda, wadda ya sare macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura, sai su yi zuru. Laifin namu ne, wallahi. Ga Ganɗoki nan, littafin jarumtaka na Malam Bello Kagara, tun na 1934, kuma Kagaran ta jihar nan ce. Mu saya musu, bayan Isha'i su karanta mana. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.