Tsohon Caji Ofis Ma Tarihi Ne

 

Yau hirarmu a kan caji ofis ce, amma na da can. Na san wata za ta ce, mace tana cikin ɗakinta, ina ruwanta da ofishin 'yan sanda? To 'yar'uwa, ɗan gyara zama.

A da, dogarai ne ke kama mai laifi. A shekarun 1920 aka kafa 'yan doka ƙarƙashin En'e. A ƙasar Sarkin Ruma da ta Yariman Katsina, kamar sauran gundumomi, magana takan tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, ta kai ga hakimi, sannan alƙali. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya. Haraji da jangali, waɗanda suka sa magidanta da yawa kwana a tsare, Gwamna Balarabe Musa ya soke su a 1979, lokacin muna jihar Kaduna.

Wa ya ɗanɗana wannan zamani kamar mata? Idan aka tsare maigida, uwargida ce ke tuƙa tuwo ta ba yaro ya kai masa. Wata sai ta sayar da akuyarta ko tasoshin jerenta kafin a sake shi.

Ku dubi ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ginin ƙasa ne, amma da yake an sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa a 1959, ga shi nan tsaye, ya zama gidan tarihi. Wanda ba a yi wa yaɓe ba kuwa, damina kaɗan ta ishe shi.

Yau da matsalar tsaro ta addabe mu ta gefen dajin Rugu, ya kamata 'ya'yanmu su san yadda aka tsare garuruwanmu jiya, da daɗinsa da ɗacinsa. Don Allah, bayan sallar isha'i ki tambayi Inna ko Hajiya kaka: ina 'yan doka suke zama a garin nan? Ki sa ɗanki ɗan makaranta ya rubuta. In ginin na nan, maigida ya kai maganar gyaransa wurin mai gari.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.