Biyayya ga Allah: Tushen Rayuwar Kirista da Ginin Gari

 Mun gode da kuka ba mu wannan dama, mu da muka ajiye alli, mu yi magana a kan biyayya ga Allah.

A zamanin da muke koyarwa, mun lura cewa ɗalibai iri biyu ne. Akwai wanda yake shara idan ya hango hedimasta, akwai kuma wanda yake yi ko babu mai kallonsa. Na farkon tsoron bulala yake yi. Na biyun shi ne mai biyayya. Haka yake ga Kirista. Biyayyarsa ba kuɗin sayen ceto ba ce, gama ceto kyauta ne ta wurin alheri. Ita amsa ce ta ƙauna ga wanda ya fara ƙaunarmu, ya yi wa Ubansa biyayya har kan gicciye.

Mu dubi Nehemiya, domin ya yi kama da ku. Shi ma ɗan ƙauna ne da ya sami aiki nesa da gida, yana miƙa wa Sarki Artashate abin sha a fadar Shushan. Da labari ya iso masa cewa garun Urushalima a rushe yake, bai ce ba ruwansa ba. Ya yi azumi da addu'a, ya nemi izinin sarki, ya koma gida, aka gama garun cikin kwana 52. Amma abin da muke so ku riƙe shi ne wannan: shekara 12 yana gwamna, bai karɓi abincin da aka saba ba gwamna ba, ya kuma hana manya cin ruwa a kan bashin talakawa. Tsoron Allah ne ya riƙe hannunsa.

Mu zo kusa da gida. A shekarar 1893, samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin kawo Bishara cikin ƙasarmu. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma da ciwo, ya sake gwadawa, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a 1902 aka sami zama a Patigi. Daga wannan aiki ne ECWA ta tsiro a 1954. Biyu daga cikinsu ba su ga amfanin gonar da suka share ba, amma sun amsa kira. Bayansu kuma kakanninmu suka ɗauki laka da jinka a ka, suka gina majami'a da ajin da ya koya mana karatu.

To, ina tamu biyayyar take? A nan ne za mu faɗi abin da ba shi da daɗin ji. Kowace shekara muna gidauniya. Mutum ya miƙe a gaban jama'a, ya ambaci kuɗi mai nauyi, a tafa masa, a yi guɗa. Shekara ta zagayo, ma'aji yana ta bin sa, ba ya ko amsa waya. Ga ajin da muka yi karatu, iska ta yaye kwanon. Ga iyayenmu mata suna sammakon neman ruwa da rani. Mu tuna da Hananiya da Safiratu a cikin Ayyukan Manzanni sura 5. Ba a hukunta su don sun ba da kaɗan ba. Laifinsu shi ne sun nemi yabon da bai kai gaskiyarsu ba. Alkawari kaya ne, balle wanda aka buɗe da addu'a.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na farko, kowa ya yi alkawari daidai ƙarfinsa, ya kuma cika kafin taro mai zuwa. Na biyu, masu riƙe da kuɗin ƙungiya su karanta lissafi a fili, da rasit. Na uku, ku da kuke ofisoshi, ku ƙi cin hanci ko da za a kira ku wawaye, gama sunan Almasihu da sunan garin nan kuke ɗauke da su. 'Ya'yanku suna kallo, kuma abin da suka ga kuna yi shi za su koya, fiye da abin da kuke faɗa musu.

Mu dai rana ta yi mana yamma. Fatanmu mu ga an rufe ajin nan, an haƙa rijiyar nan, kafin a kira mu gida. Ubangiji ya ba mu zuciyar biyayya, ya mai da kowa masaukinsa lafiya. Amin.