Kukan Waya A Lokacin Hunturu



Muna yara a Rijiyar Zaki, in hunturu ya kankama muka fita ɗibar kara, mukan ji wayar da ta ratsa gonaki tana kuka. Kakata takan ce iskoki ne. Ashe ta kusa gaskiya. Iska ce, amma ta hunturu.

Ku kafa karan dawa a tsakiyar ruwa mai gudu ku gani. Ruwan zai rungumi karan ta gaba, amma kafin ya zagaya baya sai ya sake shi, ya nannaɗe ya zama 'yar guguwa. Wata ta ɓalle ta dama, wata ta hagu, bi da bi, kowace tana fizgar karan zuwa ɓangarenta. Shi ya sa yake makyarkyata. Haka iska take yi wa waya.

Wani masani ɗan ƙasar Cek, Vincenc Strouhal, ya auna wannan kuka a 1878. Theodore von Karman kuma ya yi lissafin jerin guguwar a Jamus a 1911. Ku ninka gudun iska da 0.2, ku raba da kaurin waya. Wato waya mai kaurin milimita 4, a iskar mita 5 cikin sakan, tana shan fizga sau 250 a sakan guda. Kukan ke nan.

To, ga inda haɗarin yake. In fizgar ta zo daidai da rawar da wayar ke yi da kanta, kiɗa ya dace da rawa, sai su riƙa ingiza juna. A hankali ƙarfen zai gaji a bakin maɗauri, har ya tsinke.

Maganin shi ne 'yan ƙarafan nan masu kama da taɓarya da ake ratayawa a manyan wayoyin lantarki kusa da turaku. Injiniya George Stockbridge ya ƙirƙiro su a Amurka a shekarun 1920, don su shanye girgizar.

Roƙona shi ne mu faɗakar da jama'ar unguwanninmu. In waya ta tsinke, kada kowa ya kusance ta, ƙarafan nan kuma ba na 'yan gwangwan ba ne. Manomi da yaransa ke ƙarƙashi.

Malamanmu, ku kuka koya mana tambaya.