Abin da Kan Biyo Bayan Fiɗar Ƙarin Jijiyar Ji

Ƙarin da ake magana a kansa ba na daji ba ne, watau ba ya bazuwa cikin jiki. Yakan tsiro ne a kan jijiyar da ke kai ji da daidaiton jiki daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa. Wahalarsa ita ce mazauninsa, domin cikin wannan ƙunƙuntar kafa ta ƙashi jijiyar da ke motsa fuska take bi, su biyu manne da juna.

A farkon ƙarni na 20 yawancin waɗanda aka yi wa wannan fiɗa mutuwa suke yi. Harvey Cushing na Amurka, wanda ya wallafa littafi a kan ciwon cikin 1917, ya rage mace-macen ƙwarai ta hanyar barin ɓawon ƙarin. Sa'an nan cikin shekarun 1960 William House ya shigo da madubin ƙara girma cikin aikin. Yau waɗanda ke rasuwa ba su kai ɗaya bisa ɗari ba, sai magana ta koma kan irin rayuwar da mutum zai tashi da ita.

Idan jijiyar fuska ta ƙuje, rabin fuska kan shanye. Baki ya karkace, haruffan leɓe irin su b, ɓ, m da f su gagara fita sosai, abin da ba ƙarami ba ne ga malami ko alƙali. Amma ido ya fi shiga hatsari: fatarsa ba ta rufuwa, hawaye ya ragu, ƙwayar ta bushe har ta yi miki. Don haka ake ɗiga magani, a manne idon da dare, wani lokaci a dasa ɗan zinariya cikin fatar don nauyinsa ya riƙa rufe ta. Galibi fuskar kan farfaɗo cikin watanni, in dai jijiyar ba ta tsinke ba.

Ji kuwa, in likita ya bi ta cikin kunne, ya tafi ke nan har abada a wannan gefe. Mai kunne ɗaya kuma ba ya gane inda sauti ya fito, ko a bakin titi. Jiri kan lafa da yawan tafiya.

Alamar da ba a jinkiri da ita ita ce ruwa garai mai gishiri-gishiri yana ɗiga daga hanci ko daga ɗinkin. Ruwan ƙwaƙwalwa ne ya sami kafa, kuma ta nan sanƙarau ke shiga. Wanda ya ga haka, balle da zazzaɓi da sandarewar wuya, ya koma asibiti a ranar.