Motar Ikkilisiya da Hanyoyin Damina: Abin da Ya Kamata Mu Sani Kafin Saye da Bayan Saye

(Jawabin da aka gabatar a taron fastoci, dattawa da shugabannin zumuntar mata na ikkilisiyoyin karkara a yankin Funtuwa da Malumfashi. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami halarta ba.)

 

An ce in yi magana a kan mota, musamman irin wadda ƙafafunta huɗu duka suke ja. Wani zai ce me ya haɗa taron ikkilisiya da zancen makanikai? Amsar tana kan hanyoyinmu. Daga Funtuwa zuwa Bakori har Malumfashi kwalta ce. Amma yawancinmu ba a bakin kwalta muke zaune ba. Wanda ya fito daga ƙauyukan Ƙafur, ko Ɗanja, ko Faskari, ya san yadda laka take a watan Agusta. A watan ne mace take naƙuda da tsakar dare, maciji yake saran manomi, zazzaɓin cizon sauro yake sa yaro suma. Ranar nan, abin da ke tsakanin mai ciwo da babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi shi ne mota mai tashi idan an murɗa makulli.

Maganata guda ɗaya ce: kuɗin sayen mota shi ne ƙaramin kuɗi. Babban kuɗi shi ne na riƙe ta. A Luka sura 14 Ubangijinmu ya yi misali da mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna ya yi lissafi tun bai sa tushe ba. Haka mota take.

Irin motar da muke magana a kai

Iri biyu ne, kuma rashin bambanta su yana cinye kuɗin mutane.

Na farko, irin su Toyota Hilux. A kan kwalta ƙafafun baya kaɗai ke ja. Idan an zo laka ko yashi, direba ya sa giyar da ke haɗa ƙafafun gaba. Za ku ga an rubuta 2H, 4H da 4L. 2H ta kwalta ce. 4H ta hanyar ƙasa mai santsi ce. 4L ta wuri mai tsanani ce, inda ake son ƙarfi ba gudu ba. Irin wannan mota ba a tafiya da ita a 4H ko 4L a kan busasshiyar kwalta, domin a kwana ƙafafun gaba suna cin nisa fiye da na baya, kuma an ɗaure su wuri ɗaya. A laka taya tana ɗan zamewa ta huce. A kwalta ba ta zamewa, sai ƙarfen cikin ya sha wahalar.

Na biyu, irin su RAV4, Highlander da Honda CR-V, waɗanda suke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya da kansu. Suna da daɗin tuƙi a hanyar ƙasa, amma cikinsu ya fi kusa da ƙasa, ba su da 4L, kuma ba don dakon buhuna aka yi su ba. Ku sani kuma ba kowace RAV4 ko Highlander ce ke ja da ƙafa huɗu ba. Da yawa ƙafafun gaba kaɗai ke ja, ko da yake jikinsu iri ɗaya ne.

Kafin a saya

Tambaya ta fari: wane aiki za ta yi, wa zai ciyar da ita? Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a gidajen man gwamnati. A shekarar 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Mota mai jan ƙafa huɗu ta fi sauran shan mai, tayoyinta sun fi tsada, wuraren zuba mata mai sun fi yawa. Idan ikkilisiya ɗaya ba za ta iya ba, uku ko huɗu na kusa su haɗa hannu su sayi ɗaya mai lafiya. Ya fi kowace ta sayi tata, bayan shekara biyu kaji su riƙa ƙwai a ciki.

Tambaya ta biyu: akwai kayan gyaranta kusa? Abin da ya sa iyayenmu suka daɗe da akori-kura ta Peugeot 504 shi ne a Kaduna ake harhaɗa motocin Peugeot, kowane makanike ya san cikinta. Ku bi wannan hikima. Ku sayi motar da makanikan Funtuwa da Malumfashi suka sani, wadda idan kayanta ya gagara a nan za a same shi a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Idan an yi muku tayin wata baƙuwar mota da arha, ku tuna araha ba ta ado.

Ranar dubawa ku tafi da makanikenku, ba wanda dillali ya kawo ba. Ku biya shi ladan yininsa. Ku je da rana. Ga abin da za a duba:

1. A shiga ƙarƙashinta. A tabbatar farfelar da ke kai ƙarfi gaba da wadda ke kai wa baya suna nan. Akan cire ɗaya idan wani abu ya lalace, a sayar da motar da sunan mai ƙafa huɗu alhali biyu ke aiki.

2. A dubi ƙashin motar, wato shasi. Ƙasashe masu ƙanƙara suna watsa gishiri a kan titi, gishirin yana cin ƙarfe. Idan kun ga sabon baƙin fenti a ƙasa, a ƙwanƙwasa da guduma a ji. A nemi alamar walda, domin shasin da ya taɓa karyewa ba abin amincewa ba ne.

3. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina. Busasshiyar laka ko warin rima alama ce ambaliya ta taɓa cin motar, kuma wayoyinta ba za su bar ku ku huta ba.

4. A tayar da injin yana da sanyi. Shuɗin hayaƙi na nufin yana ƙona baƙin mai. Idan man da ke jikin murfi ya yi kamar madara, ruwa yana shiga inji.

5. A fita da ita hanyar ƙasa a gwada 4H da 4L. A saurari kuka ko ƙwanƙwasa, musamman a kwana.

6. A dubi takardu. Lambar shasi da ke jikin mota ta yi daidai da ta takardar kwastan da ta shaidar mallaka. A tabbatar da takardar kwastan a ofishinsu kafin a biya. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a yi rajista da sunan ikkilisiya, ba sunan fasto ko dattijo ba. Fasto yana tashi, dattijo yana rasuwa, kada mota ta zama abin gardama da magada.

Kada a kashe duk abin da aka tara a wurin saye. Ranar da ta zo gida a juye dukan mayukanta, a sa sababbin filta, domin ba ku san tarihinta ba.

Taya

A nan mutane suka fi yi wa irin wannan mota lahani. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, iri ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya. Idan ɗaya sabuwa ce uku sun suɗe, ko an sa wadda lambarta ta bambanta, to ba sa juyawa daidai. A motar da ke raba ƙarfi da kanta, na'urar rabon tana ta fama da wannan bambanci har ta ƙone, kuma gyaranta ya fi kuɗin tayoyi. A riƙa sauya musu wuri, na gaba su koma baya, domin su ci tare.

Kowace taya tana da ranar haihuwa a gefenta: lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Idan kun ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Taya 'yar gwanjo tana iya zama da zane mai kyau alhali robar ta tsufa, zafin kwaltar watan Afrilu ya fasa ta. A auna iska da safe kafin a yi tafiya, a bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ba abin da mai faci ya ga dama ba.

Mai, ƙura da ruwa

A hanyoyi masu ƙura irin namu, a juye baƙin mai da filtarsa duk kilomita 5,000. Idan motar daga Amurka ta zo, mil take ƙirgawa, wato kusan mil 3,000 ke nan. Da hunturu a duba filtar iska kowane mako. Inji mai shaƙar ƙura kamar mutum ne mai cin tuwo da tsakuwa.

Ban da inji, akwai giyabos, da ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi, da aksul na gaba da na baya. Kowanne da mansa, kuma su aka fi mantawa. Farfela tana son giris. Robar da ke rufe shaf na ƙafafun gaba idan ta yage, laka ta shiga, shaf ya tafi. Robar kuɗi kaɗan ce, shaf kuwa ba a magana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da rani ma a sa 4H a hanyar ƙasa sau ɗaya a wata, a yi tafiyar kilomita kamar 15, domin mai ya zagaya kayan gaba. Giyar da ta yi wata bakwai tana barci ba lallai ta farka ranar da ake nemanta ba.

A lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na kanti. Ruwan rijiya yana kawo tsatsa. Idan motar mai shan gas ce, a riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan filtarta, a guji man jarka na bakin hanya.

Laka da rafi

'Ya'yana direbobi, wannan naku ne. A sa giyar ƙafa huɗu kafin a shiga laka, ba bayan an kafe ba. Idan ta kafe, kada a yi ta taka mai, rami kawai kake haƙa wa kanka. A sauka, a yi aiki da shebur, a sa itace ko duwatsu, a rage iskar taya kaɗan, a mayar idan an fita.

Rafi kuwa, a sauka a gwada da sanda. Idan ruwa yana gudu kuma ya kai gwiwa, a jira ya janye. Jan ƙafa huɗu ba ya hana ruwa ɗaukar mota. Idan inji ya mutu cikin ruwa, kada a sake tayar da shi, domin ruwan da ya shaƙa zai lanƙwasa ƙarfen ciki. Bayan an ƙetare ruwa mai zurfi a taka birki a hankali ya bushe, sannan a sa makanike ya duba man aksul. Aksul mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi yana iya zuƙar ruwa.

Idan motar da ke raba ƙarfi da kanta ta lalace, kada a ja ta ƙafa biyu a sama biyu a ƙasa. A ɗora ta gaba ɗaya a kan babbar mota.

Kun kuma san halin tsaro a wasu hanyoyinmu. Motar da ta mutu a daji da magariba hatsari ce ga duk wanda ke ciki. Kada a kwana da tanki ƙasa da rabi. Safaya taya, jak, sufana, igiya, shebur da tocila su zauna a cikinta kullum. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kaya

Hilux tana ɗaukar kusan tan ɗaya, wato buhun masara 10 masu kilo 100, har da nauyin mutanen da ke ciki. Da kaka kowa zai so a kai masa amfani kasuwar Dandume ko Bakori. Babu laifi, har ma hanyar samun kuɗin gyara ce. Amma buhu 18 a sahu ɗaya yana karya sifirin, yana kashe birki. Sahu biyu ya fi araha.

Riƙon amana

A ƙarshe, abubuwa huɗu nake roƙon kowace ikkilisiya ta yi. A sa direba ɗaya mai lasisi, mai natsuwa, wanda ba ya shan abin maye, da mataimaki ɗaya. Motar kowa da kowa ba ta da uba. A ajiye littafi a cikinta: ranar tafiya, inda aka je, lambar kilomita, man da aka sha, gyaran da aka yi. A buɗe asusun mota dabam, a ware masa buhuna daga baikon godiya na kaka, kuma a sa mace ɗaya daga zumuntar mata cikin masu riƙe shi, domin su suka fi sanin ranar da ake bukatar motar. Sannan a watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka, a kai ta babban gyara, a sabunta inshora da sauran takardu.

A kuma yi doka tun yau cewa mai naƙuda da mai ciwo suna gaban biki da kasuwa, kuma ba a tambayar addininsu ko kuɗinsu kafin a tayar da mota. Maƙwabcinmu Musulmi idan ya ƙwanƙwasa ƙofa da dare, a kai shi. Lissafi ya biyo baya.

 Makanikan da muka gayyato suna waje da mota guda, duk mai so ya zo a nuna masa abubuwan nan da ido, har da iyayenmu mata. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu, ya ba mu damina mai albarka. Amin.